Ci da Sha ga Mai Ciwon Gajiya Mai Naci: Abin da Za a Yi Kafin a Nufi Kemis

Ranar da na zazzage ledar magungunan ƙanwata a kan tabarma, kwalabe da kwalaye goma sha ɗaya na ƙirga. Akwai maganin ƙarin jini iri biyu, bitamin kala uku, ragowar maganin taifot da aka rubuta mata karo na uku cikin shekara guda, ga kuma jarkar jiƙo da gwaggonmu ta aiko daga ƙauye. Wata tara ke nan da wani zazzaɓi ya kwantar da ita. Zazzaɓin ya tafi, ƙarfin bai dawo ba. In ta daure ta je biki ranar Asabar, Lahadi a gan ta da dama-dama, Litinin kuwa ko kofin ruwa sai an riƙe mata. A gida masu cewa raki ne suna yi, masu cewa sammu ne suna yi.

Likitoci suna kiran wannan lalura ME/CFS, kuma tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Abin da ya raba ta da gajiyar yau da kullum shi ne wannan faɗuwa da ke biyo bayan aiki, sau da yawa bayan awa 12 zuwa 48, ta kuma ɗauki kwanaki kafin ta saki mutum. Ana haɗawa da barcin da ba ya wartsakarwa, da toshewar kai, da jiri in an daɗe a tsaye. Ta fi kama mata, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na masu ita ba sa iya fita daga gida.

Gara in faɗi mai ɗacin tun yanzu: babu abinci, babu ƙwaya da aka tabbatar tana warkar da wannan ciwo. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a ƙa'idojin da ta fitar a watan Oktoba na 2021, ta ce babu isasshiyar hujjar da za ta sa a riƙa shan bitamin a matsayin maganinsa. To mene ne amfanin jagora a kan abinci? Jikin mai wannan ciwo kamar tulu ne mai ɗan guntun ruwa. Abinci ba zai mai da shi randa ba, amma yana iya liƙe inda yake yoyo, kuma ga wanda ƙarfinsa na yini bai wuce na wanka da salla ba, wannan ɗan liƙin babban abu ne.

Mataki na 1: A fara da gwaji

Kafin a canza ko cokali ɗaya na abinci, a tabbatar da abin da ake faɗa da shi. A ƙasarmu abubuwan da ke sa mutum ya rasa laka suna da yawa, kuma galibinsu suna da magani. Ku nemi likita ya rubuta cikakken gwajin jini, ba PCV (awon yawan jini) kaɗai ba, tare da gwajin feritin, wanda ke nuna ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki. Mace tana iya samun PCV daidai alhali rumbun ya kusa ƙarewa, musamman mai zubar da jini da yawa a al'ada ko wadda ta yi haihuwa kusa da kusa. A duba sukari, da aikin ƙoda da hanta, da ciwon hanta nau'in B da C, da ƙanjamau, da tayirod ɗin maƙogwaro. A duba bahaya saboda tsutsar ciki, fitsari saboda tsargiya. In hali ya yi, a haɗa da bitamin B12 da D.

Abu biyu nake so ku riƙe a nan. Gwajin Widal shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot, domin yakan nuna alama ga wanda ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar tun da daɗewa. Mutum ya sha maganin taifot sau uku bai ji sauƙi ba, lokaci ya yi da za a nemi wani bayani. Na biyu, in ana shan nonon da ba a tafasa ba ko ana hulɗa da dabbobi, a faɗa wa likita, saboda cutar burusela tana kawo zazzaɓi mai zuwa yana komawa da kasala ta watanni, kuma ana maganinta.

Rama ba dalili, gumin dare, tarin da ya wuce mako biyu, jini a bahaya, kaluluwar da ta ƙi sacewa: waɗannan ba na kicin ba ne, asibiti za a koma.

Mataki na 2: Littafi da biro

Ku sayi ƙaramin littafi. Kullum a rubuta abin da aka ci da lokacinsa, ruwan da aka sha, aikin da aka yi, sannan a ba wa ƙarfin yinin maki daga 1 zuwa 10. A yi haka mako biyu ba tare da an canza komai ba. Tun da faɗuwar takan zo a makare, sai an waiwaya kwana biyu baya ake gane mai laifi. Mu da muka ɗora wa alale laifi, littafin ne ya nuna mana cewa duk ranar da aka yi alale ƙanwata ce ke tsayawa wanke wake.

Mataki na 3: A ɗauki girki a matsayin aiki

Nan ne shawarwarin da ake karantawa a intanet suke yin tuntuɓe. Za a ce a ci ganye sabo, a dafa wake, a guji abincin leda, an manta cewa surfe da daka da tankaɗe da tuƙin tuwo a gaban murhu cikin zafin Afrilu sun isa su cinye ƙarfin kwana uku. Abincin da ya fi kowane gina jiki, in girka shi zai kwantar da mutum, asara aka yi.

Saboda haka a zauna a yi komai. A sa kujera a kicin, a sauko da risho ko gas inda hannu zai kai daga zaune, a yi yanke-yanke a faranti a kan cinya. A raba girkin gida-gida: a gyara kayan miya da safe, a kwanta, a ɗora tukunya daga baya. Zafi yana tsananta jiri, don haka da sanyin safiya ya fi. Daka, tuƙi, ɗaukar ruwa da zuwa kasuwa a bar wa wani, ko da kuwa ana jin za a iya.

Wanda ke da firji da wuta tsayayya sai a yi miya mai yawa a raba a ƙananan robobi. Yawancinmu wutar ba abin dogaro ba ce, amma kakanninmu sun riga sun warware wannan: garin ɗanwake, garin kunu, kuka, busasshiyar kuɓewa, busasshen zogale, daddawa, ƙuli-ƙuli, busasshen kifi, dambun nama. Duk suna daɗewa ba firji. A ƙara da madarar gari da kifin gwangwani. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko take ɗaci a zubar, gubarta tana taɓa hanta.

A gefen gado a ajiye ɗan kwando da fulas. Na ƙanwata yana ɗauke da dabino, soyayyar gyaɗa a kwalba, kantun riɗi, ayaba biyu, dafaffen ƙwai na ranar, da kunun gyaɗa a fulas. A ranakun faɗuwa wannan kwandon ne ke raba ta da kwana da yunwa.

Sai maganar 'yan dubiya. Za su zo da lemon kwalba da katan ɗin malt, su zauna awa biyu ana hira, su tafi su bar mara lafiya a kwance. Mai jinya ya cire kunya. Wanda ya ce "me za a kawo?" a ce masa, "Yaya, miyar taushe roba biyu ta fi mana komai," ko "Inna, a turo yarinya ranar Talata ta surfa mana gero." Masu son taimako suna nan, ba su san ta inda za su kama ba ne.

Mataki na 4: Kaɗan-kaɗan, sau da yawa

Malmala biyu ta tuwo a zama ɗaya tana jan jini zuwa ciki, kuma mai fama da jiri zai ji abin a jikinsa: bugun zuciya, nauyin kai, kasala. A raba abincin yini zuwa kashi biyar ko shida, kowanne ɗan daidai. Wannan yana kuma taimaka wa mai tashin zuciya, domin ciki wayam yana ƙara ta.

A kowane kashi a sa wani abu mai gina jiki. Babban mutum yana buƙatar kamar giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 60 yana neman kusan giram 50 a rana. Ƙwai ɗaya yana ba da kamar giram 6, kofin kindirmo kamar 8, cikin tafin hannu na gyaɗa kamar 7, kofin dafaffen wake 13 zuwa 15. In aka lissafa za a ga ba sai an ci nama kullum ba. Awara ma tana cikin masu arha da amfani.

Ga yadda yini zai iya kasancewa. Da safe kunun gyaɗa da ƙwai. Da hantsi gwaiba ko ayaba da ƙuli-ƙuli. Da rana ɗanwake ko shinkafa da wake rabin kwano, da tumatir da ɗan ganye. Bayan la'asar fura da kindirmo, sukari kaɗan. Da dare ƙaramar malmalar tuwon dawa ko faten acca da miyar kuka mai kifi. Koko zalla da sukari cokali uku yana ɗaga mutum na ɗan lokaci ya sake shi, shi ya sa ake haɗa shi da ƙosai. Gero da dawa kada a surfe su har su yi fari fat, a dusar ake barin bitamin B da maganiziyam. Kanwa kuma a rage hannu, yawanta yana lalata bitamin B1 da C a cikin tukunya.

A riƙa hawa sikeli sau ɗaya a wata. Wasu suna ƙiba saboda kwanciya, wasu suna ramewa saboda tauna kanta ta zama aiki. Na biyun ya fi haɗari. A Ingila, binciken da aka kammala a 2024 kan wata matashiya 'yar shekara 27 da ta rasu a 2021 ya nuna cewa rashin abinci a jiki, sakamakon ME mai tsanani, shi ne ajalinta. Wanda ya kai matakin da tauna ke gagararsa a koma masa da mai ruwa-ruwa mai nauyi: kunun gyaɗa da madara, faten wake da aka markaɗa, kabewa da man gyaɗa, a ba shi da tsinken shan lemo yana kishingiɗe. In haɗiya ta fara wuya ko nauyi yana ta sauka, a nemi likita da masanin abinci na asibiti ba tare da jinkiri ba.

Mataki na 5: Ruwa, gishiri, da abin da ake kurɓa

Ga gwajin da mai jiri zai iya yi a gida, da wani a kusa saboda faɗuwa. A kwanta minti 10 a ƙirga bugun zuciya na minti ɗaya. A miƙe a jingina da bango, a sake ƙirgawa a minti na 2, na 5 da na 10. In bugun ya ƙaru da 30 ko fiye ya kuma zauna a haka, a kai wa likita lissafin, alama ce ta matsalar da ake kira POTS, wadda takan raka wannan ciwo.

Masu irin wannan ana ba su shawarar ruwa lita 2 zuwa 3 a rana, wato ledar fiya wata huɗu zuwa shida, a fara da kofi biyu kafin a sauko daga gado. Likita yakan ƙara musu gishiri, kuma wasu suna jin daɗin ruwan gishiri da sukari na ORS a ranakun zafi. Amma wannan ba shawarar kowa da kowa ba ce. Ga sauran jama'a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙasa da giram 5 a rana, kuma miyarmu da dunƙulen ɗanɗano ta riga ta kai can. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mai juna biyu, kada su ƙara gishiri da kansu. A auna jini tukuna.

Al'adar nan ta "a sa mata ƙarin ruwa ko leda biyu ne" duk lokacin da jiki ya mutu, sauƙinta na yini ɗaya ne, kuɗinta da haɗarin huda jijiya a ɗakin kemis kuma suna nan. Mai iya sha da baki ya sha.

Zoɓo yana ɗan sauke hawan jini, don haka wanda jininsa ke ƙasa ya lura da yadda yake ji bayan ya sha. Shayi, kofi, goro da lemon ƙarin kuzari bashi suke bayarwa: ƙarfin da aka ji yau, a yi aiki da shi, jibi za a biya. Wanda ba zai iya bari ba ya tsaya daga azahar saboda barci, kuma ya raba shayi da abinci da awa ɗaya ko biyu, domin ganyen shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. Taramol da ƙwayoyin sa ƙiba irin su deksametason da ake miƙa wa mai kasala a ɓoye, waɗannan sabon ciwo ne a kan tsoho.

Mataki na 6: In ciki yana rigima

Kumburin ciki, zawo da taurin bahaya suna yawan zuwa tare da ciwon. Kuskuren da ake yi shi ne a yanke wake, madara, alkama, mai da yaji a rana ɗaya, a wayi gari ba abin ci sai farar shinkafa. A cire abu ɗaya tak na mako biyu zuwa uku, a duba littafi, sannan a dawo da shi a gani. In babu bambanci, ba shi ne ba. Waɗanda aka fi zargi su ne albasa, tafarnuwa, wake, alkama da ɗanyar madara. Wake in an jiƙa shi ya kwana aka zubar da ruwan yakan yi sauƙi, kindirmo kuma ya fi madara kwanciya a ciki. Akwai tsarin rage abinci masu kumbura ciki da Jami'ar Monash ta Ostareliya ta fito da shi mai suna FODMAP, amma na makonni ne kawai kuma da jagorancin masani ake yi. Wanda ke zargin alkama ya yi gwajin cutar siliyak, wato cutar da alkama ke lalata hanji, kafin ya daina ci, in ya riga ya daina gwajin ba zai nuna ba.

Mataki na 7: Sai yanzu za a je kemis

Ƙa'idata ita ce a cike gurbin da gwaji ya nuna, saura kuma a ɗauke shi a matsayin gwajin sa'a.

Sinadarin ƙarfe shi ne kan gaba a wurinmu. In feritin ya yi ƙasa, ƙwayar feros salfet mai miligiram 200, wadda kuɗinta bai kai na kwalbar tonik ba, ta fi yawancin tonik ɗin ƙarfi. Ƙwaya ɗaya a rana, ko rana bisa rana in tana damun ciki, da ruwan lemon tsami ko gwaiba, nesa da shayi da madara. Bahaya zai yi baƙi, ba abin tsoro ba ne. Akan ci gaba kamar wata uku bayan jini ya daidaita don rumbun ya cika. Mai sikila kada ya sha sai likita ya ce, kuma a ɓoye ta daga yara, domin tana kisa in suka haɗiye da yawa. Daga abinci kuwa akwai hanta, jan nama, wake, zogale, alayyafo da gero, sai dai mai juna biyu ta yi hankali da hanta saboda yawan bitamin A.

B12 daga nama, kifi, ƙwai da nono ake samunsa. Wanda ya daɗe yana shan metfomin na ciwon sukari ko omefirazol na gyambon ciki yana iya rasa shi. Alamarsa har da jin tafin ƙafa kamar ana tsira allura. Shan folik asid shi kaɗai yana iya gyara jini ya ɓoye wannan rashi alhali jijiyoyi suna lalacewa, shi ya sa gwajin ke da muhimmanci.

Bitamin D zai ba wasu mamaki a ƙasar da rana ke dukan kowa, amma wanda ya yi wata shida a ɗaki labule a sauke bai ga ranar ba. Ma'aunin yau da kullum da hukumomin lafiya na Ingila suke bayarwa shi ne IU 400 a rana (IU ma'aunin bitamin ne da ake rubutawa a jikin kwalba), kuma kada babba ya wuce IU 4,000 sai da umarnin likita, domin yana taruwa a jiki. Zama na 'yan mintuna a hantsi, in haske ba ya damun mutum, yana taimakawa.

Maganiziyam ya yi suna ne tun wani ƙaramin gwaji da aka buga a Ingila a 1991, wanda binciken da ya biyo baya bai ƙarfafa shi ba. Yana sa zawo, kuma haɗari ne ga mai ciwon ƙoda. Riɗi, gyaɗa, wake da ganye suna ɗauke da shi. CoQ10 kuma, wani sinadari da ake sayarwa kamar bitamin, an gwada shi a Basalona ta Sifen, miligiram 200 haɗe da wani sinadari mai suna NADH miligiram 20 a rana, aka ga ɗan sauƙi ga wasu. Ɗan sauƙi ne, kuma yana da tsada. A ganina in kuɗin zai taɓa na ƙwai da kifi, a bar shi. Mai shan wafarin na tsinka jini kada ya taɓa shi bai tambaya ba. A kuma duba kwalaben "bitamin na jijiya", yawan B6 na tsawon lokaci shi kansa yana lalata jijiyoyi.

Duk abin da za a gwada, ɗaya bayan ɗaya, wata biyu, ana rubuta maki. In makin bai motsa ba a daina. Lambar NAFDAC a jikin kwalba rajista take nunawa, ba shaida ba ce cewa abin yana warkar da duk cututtukan da mai talla ya lissafa da lasifika. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, hanta da ƙoda ne ke ɗaukar nauyinsa.

Mu dai cikin goma sha ɗayan nan biyu suka rage: ƙwayar ƙarfe da bitamin D. Bayan wata uku jirin ya ragu, makin ya tashi daga 3 zuwa 5. A makon da ta fara jin daɗi ta wanke kayanta kaf ta share tsakar gida, ta kwanta kwana tara. Ƙarfin da aka samu daga gyaran abinci a fara ajiye shi, a ƙara aiki da ɗan ƙanƙanin abu, a jira kwana biyu a ga abin da jiki zai ce.

Azumi

Tambayar da ke zuwa duk shekara ke nan. Awa goma sha uku ko sha huɗu ba ruwa yana da nauyi ga mai jiri da bugun zuciya, balle in azumin ya faɗo a bazara. Aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun yi wa mara lafiya rangwame, kuma malami zai fayyace ko ramuwa ce ta hau mutum ko ciyarwa, gwargwadon abin da likita ya ce game da ciwon. Wanda ciwonsa mai sauƙi ne kuma yake son gwadawa, ya yi azumi ɗaya a Sha'aban, ya jira kwana biyu ya duba littafinsa. In zai ci gaba, ya jinkirta sahur, ya sa ƙwai ko wake ko fura da kindirmo a ciki, ya buɗe baki da dabino da ruwa da ɗan kunu, ya bar abinci mai nauyi sai bayan isha, ya rarraba ruwansa tsakanin magariba da asuba maimakon ya ɗura shi lokaci ɗaya. Ƙwayar ƙarfe a mai da ita kafin kwanciya, nesa da shayin buɗa-baki, tarawihi kuma a yi ta a zaune.